Wanda Ya Riƙe Mini Tafiyar Uwar Sa'adu

Ina zaune a zaure ranar Talata da hantsi ina ɗinke wata tsohuwar mangala, ko da yake na daɗe da rabuwa da jaki, sai ga ɗan acaba ya tsaya a ƙofar gida. Bai kashe mashin ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce daga Kazaure yake, Malama Rakiya ce ta aiko shi. Jin sunanta kawai na ajiye basilla. Ya ce Alhaji Isyaku ya cika bayan sallar asuba, za a kai shi makwancinsa bayan azahar. Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na sake faɗa. Na tashi in ɗauko babbar riga, sai na tsinci kaina tsaye a tsakar gida, na manta abin da na shigo ɗauka.

Ni ne Jatau mai jakuna na Kanya Babba. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da kuke karantawa bakina ne, hannun kuwa na Rakiya ne, 'yar marigayi ta fari, wadda ta koyar da yara har ta yi ritaya. Na kafa mata sharaɗi kada ta gyara mini magana ko ɗaya. A wurin zaman makoki na ji an faɗi alherinsa da yawa: ba ya rasa sahun farko, ya riƙe marayun ƙanensa, ya gyara rediyon rabin gari don Allah. Duk gaskiya ne. Amma akwai abin da ya yi mini wanda ba a faɗa ba, don ba a sani ba. Shekaru masu yawa shi ne ya riƙe mini tafiyar matata marigayiya, yadda take ɗaga ƙafa ta ajiye. A hannunsa na dama abin yake. Shi ya sa a bayan mashin ɗin nan, tun daga ƙofar gidana har Kazaure, tambaya ɗaya nake yi wa kaina: yau mutum ɗaya zan binne ko biyu?

Mun haɗu ba da daɗewa ba bayan an sami 'yancin kai. Lokacin motar majigi ke bin garuruwa tana nuna wa talakawa yadda ake zuba takin zamani, da amfanin allurar shanu, da haƙa masai. Isyaku ne mai kunna injin. Da rani motar na kai kanta ko'ina, amma da zarar damina ta sauka sai ta kafe, musamman can wajen duwatsun Roni da fadamun Gwiwa. Sai a nemi jakuna. Haka aka ɗauke ni, in loda inji da janareto da gwangwanayen fim da farin ƙyalle, in bi hanyar da taya ba ta bi. Ranar farko na ware masa jakin hawa, ya ƙi. Ya ce, "Malam Jatau, injin ne ma'aikacin gwamnati, ni yaronsa ne. Shi ya hau." Ya naɗe wando ya bi mu a ƙasa cikin taɓo. Da ruwa ya tsuge ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe akwatin, ya isa garin a jiƙe sharkaf yana karkarwa, tambayarsa ta farko ko ruwa ya shiga injin.

In mun sauka a gari, kafin ya kafa komai sai ya zaga ya duba katangu. Yana neman inda zai rataya ƙyallen yadda matan da ba sa fita za su iya gani ta baya, daga cikin gida. Hoton yakan juye musu, hagu ya koma dama, amma dai suna gani, har ka riƙa jin guɗa daga bayan danga. Ba wanda ya sa shi. Na taɓa ce masa yana ɓata mana lokaci, ya ce, "Hasken ba ya raguwa don an ƙara masu kallo."

A Gwiwa na fara gane mene ne wannan abin da nake yi wa dako. Bayan an gama nunawa wani dattijo ya miƙe ya ce shi ba zai ƙara zuwa ba, tunda an kama kurwar bayin Allah an cusa a gwangwani. Wani ma'aikacin da dariya zai yi. Isyaku bai yi ba. Washegari da safe ya je har ƙofar gidan dattijon, ya gaishe shi, ya warware fim ya ɗaga wa rana.

"Baba, duba da kyau. Akwai mai motsi a nan?"

Babu. Ƙananan hotuna ne a jere, kowanne a tsaye cik, wannan kusan irin na kusa da shi. Sai ya tara mutane a dandali, ya ce kowa ya rufe ido, kada ya buɗe sai ya ji tafi, ya kuma rufe nan take. Ni kuma ya ce in koro jaki in ratsa. Ya riƙa tafawa jefi-jefi. Mutane suka ce jakin tsalle yake yi, yanzu yana gindin tsamiya, yanzu yana bakin rijiya. Ya ƙara saurin tafin, suka ce ya fara tafiya, amma da ɗingishi.

Ya ce, "To injina sau ashirin da huɗu yake ƙifta ido a sakan ɗaya, wato kafin ka gama cewa bismillah. Abin da ke tsakanin hoto da hoto duhu ne, idonka ne ke cike gurbin. Motsin ba a gwangwani yake ba, Baba, a kanka yake."

Dattijon ya ce, "Ashe tawa kurwar aka kama ba tasu ba." Aka fashe da dariya, har da shi. Da aka sake kafa ƙyalle shi ne a gaba da buzunsa.

Yanzu sai in zo kan uwar Sa'adu, mai ɗakina ta fari. Ba zan faɗi sunanta ba. Ban faɗa tana raye ba, ba kuma zan fara a takarda ba. Bafillatana ce daga rugar da ke arewa da mu, kuma ko bayan aure ba ta daina kai nono kasuwar Babura ba, haka muka yi da iyayenta. Isyaku kuwa asalinsu Barebari ne, don haka ba sa haɗuwa sai an taɓa wasan Fulani da Barebari. In ya zo gidana sai ya ɗaga murya daga zaure:

"Ina baiwata? A dama wa ubangida fura!"

Ita kuma daga ciki: "Ka ce wa Babarbaren nan ludayin baƙi ya ɓace, ya sha da hannu irin na gidansu."

Sannan ta aiko da ƙwarya cike, da curin man shanu a gefe.

Wata shekara aka ba shi aron ƙaramar kyamara ya ɗauko yadda ake yi wa shanu allura. Irin wadda ake yi wa wani ce kamar agogo, ka murɗa ta cika, ka danna ta yi ta ɗauka har ƙarfinta ya ƙare. Ba ta ɗaukar murya. Don fim ɗin ya isa, sai ya sa ta tana ɗaukar hoto sha shida a sakan maimakon ashirin da huɗu. Ranar kasuwar Babura da sassafe muna kan hanya, saura ɗan guntun fim a cikin kyamarar, sai ga ta tafe da ƙwarya a ka, rana a fuskarta. Ya tsaya tsakiyar hanya ya saita.

Ta ce, "Kauce, Babarbare, kar ka tsinke mini nono da wannan idon naka."

Ba ta tsaya ba, ba ta kauce ba. Da ta zo daidai shi ta ɗan juyo kai ta yi dariya, ta wuce. Shi ke nan. Muka ci gaba da tafiya, ni har na manta an yi.

Ta rasu shekarar da sanƙarau ya shigo mana, cikin shekarun farin nan da shanu suka ƙare. Ba ta daɗe a kwance ba. Ta bar mini Sa'adu yana ƙarami, ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Fuskar ma ba ita ta fi damuna ba. Abin da na riƙa nema da ido duk ranar kasuwa shi ne tafiyarta. Kowace mace da irin tafiyarta. Ita takan ajiye ƙafa kamar tana neman izinin ƙasa, wuya a miƙe, kafaɗa ba ta motsi, hannun hagu kaɗai ke lilo. Tun daga nesa, tun ba a gane fuska ba, nakan ce ga ta can. Da aka yi shekara sai na lura na fara kasa tuno wannan tafiya. In na rufe ido sai in gan ta nan, sannan in gan ta can, kamar jakin dandalin Gwiwa. Abin da ke tsakani ya fara zubewa. Ban faɗa wa kowa ba sai Isyaku, shi ma a kan hanya, ina kallon gefe.

Bayan kaka ya aiko in zo Kazaure. Ya shigar da ni ɗakin ajiyarsa da rana tsaka, ya toshe taga da tabarma, ya kafa injin gwamnati. Ashe da aka wanko fim ɗin allurar shanu ya yanke wancan guntun ya adana a ɗan gwangwani. Haske ya faɗa bango, sai ga hanyar Babura, sai ga ta. Amma ba ita ba ce. Wata mata ce mai fuskarta, tana sauri tsam-tsam kamar zabuwar da aka koro daga gona. Kafin in ja numfashi ta wuce. Na miƙe tsaye.

"Isyaku, wasan da kuke yi tana raye ya ƙare. Ka kira ni tun daga Kanya don ka mai da ita abin dariya?"

"Zauna, Jatau."

"Da haka take tafiya, da ko ludayi ɗaya na nono bai isa Babura ba!"

"Gaskiyarka. Laifin injin ne. An ɗauke ta a sha shida, shi kuma bai san komai ba sai ashirin da huɗu, don saboda murya aka yi shi. Takunta uku yake cinyewa a lokacin biyu. Ka ba ni lokaci."

Na ɗauki sandata na fita. Shi kuwa ya shiga nema. A shagon wani Bayarabe mai ɗaukar hoto a Kazaure ya gano wani tsohon inji marar murya, an jefa shi ƙarƙashin benci kaji na kwana a kai. Ya gyara wa mutumin fitilun shagonsa, shi kuma ya bar masa. Ya yi ta fama da shi har damina ta zagayo, ya yanka masa bel da robar tayar keke. Abin da ya ja shi ga wannan inji wani ɗan abin murɗawa ne a gefe, shi yakan kira shi kunne. Ka murɗa gaba ya ƙara sauri, ka murɗa baya ya yi sanyi.

Da na koma, ya zaunar da ni a tabarma ya ce, "Ni na san inji, kai ka san tafiyarta. Ka faɗa, in murɗa." Sai ya juya wa bangon baya. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Matarka ce. Ni kunnen inji zan kalla." Haka kuwa ya yi har ƙarshen rayuwarsa, bai ƙara ɗaga ido ya dubi bangon nan ba.

Ban san sau nawa muka maimaita ba. Rage. Ƙara kaɗan. A'a, rage. Sai wata matsala ta fito: in farkon ya yi daidai, ƙarshen sai ya yi sauri. Ya zauna ya dafe kai, can ya buga cinya. Ya ce ranar da ya ɗauka wanin kyamarar ya kusa ƙarewa lokacin da take isowa, hotunan suka riƙa raguwa. Ke nan ba wuri ɗaya za a ajiye kunnen ba, dole hannu ya bi ta, yana ragewa a hankali yayin da take matsowa. Tunda ba ya kallo, da ƙarar injin ya koya. Ni ina faɗa, shi yana saurare, yatsunsa na bi. Sai a wani zagaye ta taho. Wuyan nan, kafaɗar nan, hannun hagun nan, ƙwarya a ka ko girgiza ba ta yi. Ta iso, ta juyo, ta yi dariya.

Na ce, "Ita ce."

Bai juyo ba. Na ji yana jan hanci, ya ce ƙurar tabarma ce.

Daga nan abin ya zama al'adarmu. Kowace shekara in an gama kaka sai in ɗaura damin gero da zabi in nufi Kazaure. Ya yi ta faɗa a kan zabin, sannan ya cinye cinya. Mu shiga ɗakin ajiya mu toshe taga. Ba ya yarda a yawaita, wai fim na gajiya kamar jaki. Mu fito mu yi la'asar.

Sai kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Aka shimfiɗa kwalta, jakunana suka rasa aiki. Aka kawo akwatunan talabijin aka kafa a ƙofar gidajen hakimai da gidajen kallo, motar majigi kuwa aka ajiye ta har tayoyinta suka nutse a ƙasa. Isyaku aka mai da shi mai gyaran talabijin. Ni na tsani akwatin nan saboda shi. Shi bai tsane shi ba, har ma yana kare shi.

"Kar ka zage shi, Jatau. Wannan hoto ashirin da biyar yake kawowa a sakan, ya raba kowanne biyu su zama hamsin, yana bin bugun wutar lantarki. Dubi ƙwallo, ba ta tsalle. Dubi dambe. A nawa injin hannu kan ɓace tsakanin hoto da hoto, sai dai ka ga mutum a ƙasa ba ka ga abin da ya kai shi ba. A nan kana ganin komai."

Na ce ni dai mutanen ciki kama da kifi a ruwa suke yi mini. Ya ce ni da gardama rana ɗaya aka raɗa mana suna. Tun daga ranar ya koma kirana Sarkin Gardama. Na daɗe a duniya, ban ga mutane da yawa da za su yi adalci ga abin da ya raba su da sana'arsu ba. Shi ya yi.

Da Sa'adu ya girma ya shiga kasuwanci a Kano, na kai shi ɗakin ajiyar ya ga mahaifiyarsa. Ya fito da jajayen idanu ya ce dole a juye wannan a kaset in riƙa kallo a gida. Na ƙi. Isyaku ne ya matsa, ya ɗauki gwangwanin da kansa a cinya har Kano, bai yarda an sa a but ɗin mota ba. Da aka kawo kaset ɗin aka kunna, sai ga wata baƙar inuwa tana tasowa daga ƙasa tana ratsa ta, ta ɓace a sama, wata ta sake tasowa, ita kuma ta koma saurin nan na zabuwa. Isyaku ya ce inji da kyamarar da ta juye ba tare suke ƙifta ido ba, kuma sha shida ba ta shiga cikin hamsin daidai. Na ce su ɗauke abinsu.

Shekarun baya-bayan nan jikokina suka sake gwadawa. Suka kai aka gyara saurin, suka sa a wani faffaɗan talabijin irin na yanzu, wanda suka ce shi da kansa yake ƙirƙiro hoton da babu ya cusa tsakanin biyu don motsi ya yi laushi. Kowa a ɗakin ya ce masha Allah, kamar a kira ta ta amsa. Ni kuwa na ga mace tana sulɓi kamar an ɗora ta a kwalekwale, hannun hagun ya narke ya zama hayaƙi. Na ce wannan takun ba nata ba ne, inji ya yi mata ƙarya. Yaran suka dubi juna, na san sun ce tsoho ya fara. Da na kai ƙara wurin Isyaku ya ce:

"A wannan kam ina bayanka. Gara a bar duhu a tsakani kai ka cike da abin da ka sani, da inji ya cike da abin da bai sani ba. Amma ka bar wa yara nasu. Su ba su da abin cikewa."

Na bar musu. Ban dai ƙara kallo ba.

Abu biyu ne muka yi ta ja a kai har ya bar duniya. Na ɗaya, na sha roƙonsa ya tsayar da injin daidai inda ta juyo tana dariya, in kalla in ƙoshi. Bai taɓa yarda ba. Ya ce, "In na tsayar, zafin ƙwan fitila zai cinye ta kafin ka gama kallo. A wannan wurin duk wanda ya tsaya ya ƙone." Na biyu, da shekaru suka ja, na fara ganin tana ƙara sauri. Ina cewa rage, yana ragewa. Wata shekara ya ɗauke hannu.

"Sarkin Gardama, bara ka ce rage. Bara waccan ma ka ce rage. Ba ita ke ƙara sauri ba."

"Injinka ne ya tsufa."

"Inji in ya tsufa sanyi yake ƙarawa. Kai ne kake so hanyar ta ƙara tsawo."

"Ni na aure ta ko kai?"

Don ya nuna mini, ya ƙara murɗawa baya kaɗan. Bangon ya fara walƙiya, haske da duhu, haske da duhu, ita kuma ta fara ɗingishi. Nan take ya mayar. Ya ce, "Ƙasa da nan ba tafiya ba ce, hotuna ne kawai. Kuma wuta na jira." Na ce rowa ce irin ta Barebari. Ya ce ya ji, ya ɗauka.

Bara bayan kaka na tarar hannunsa ya fara rawa. Ya buɗe gwangwanin, wani warin tsami ya cika ɗakin. Ya ce, "Ka ji? Fim ya fara tsami. Yana ƙanƙancewa, haƙoran inji sun fara kuskuren ramukansa. Ni ma na fara tsami." Na ce ya bar wannan magana. Ya ce, "Wa zai murɗa maka?" Na ce shi zai binne ni, don haka tambayar ba ta taso ba. Ya yi dariya har ya yi tari. Da ya kama kunnen injin kuwa rawar hannun ta tsaya cak, kamar ba shi ba. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe a tsaye.

Ranar sadakar bakwai, da mutane suka watse da hantsi, ina neman takalmina Rakiya ta zo ta durƙusa.

"Baba Jatau, zo ka ga wani abu."

Ta kai ni ɗakin ajiya. An toshe taga da tabarma, injin a kafe. Na ce mata kada ta taɓa, ba a wuri ɗaya ake ajiye kunnen ba, za ta ƙone mini ita.

Ta ce, "Na sani, Baba. Tun da ya kwanta yake sa a kawo masa injin gefen gado. Ya ɗora hannuna a kunnen, ya ɗora nasa a kai. Ba fim a ciki, ƙarar kawai nake bi, don ya ce fim ɗin ba shi da sauran ƙarfin da za a yi koyo da shi. Kuma ya bar saƙo. Ya ce in ka ce in rage, in rage sau ɗaya. In ka sake cewa, in ce maka Babarbare ya hana."

Na zauna a inda na saba zama. Ta kunna. Ita mace ce, ba ta da dalilin juya wa bango baya, don haka tare muka kalla. Hanyar Babura ta fito. Hannun ba irin nasa ba ne, da farko ya ɗan yi gaggawa. Na ce rage, ta rage, sai ta kama. Ga wuyan, ga kafaɗar, ga hannun hagu. Ba a binne ta tare da shi ba. Ina cikin gode wa Allah a zuci sai Rakiya ta ce da ƙaramar murya:

"Baba, wannan inuwar ta ƙasa fa, ta wace ce?"

Na sauke ido. A ƙasan hoton, a kan yashin hanya, ga doguwar inuwar mutum da hula, gwiwoyin hannu a buɗe, ya kara wani abu a fuska. Rana tana bayansa ranar da ya ɗauka. Duk shekarun nan ita nake kallo, ban taɓa duban ƙasa ba. Shi kuwa bayansa yake ba bangon, in ma ya sani bai faɗa ba. Da ta iso ta juyo ta yi dariya, kafaɗun inuwar suka girgiza. Shi ma dariya yake yi. Rakiya na kuka, amma hannunta bai bar kunnen ba. Sannan bango ya koma fari.

Na ce, "Sake sawa. Ki rage."

"Na rage sau ɗaya, Baba."

"Sun yi sauri."

"Babarbare ya hana."

Na haƙura. Amma tunda na ce kada ta gyara mini ko kalma, to ta rubuta: sun yi sauri, su biyun duka.

Fim ɗin bai da sauran kwana mai yawa, ni ma haka. Mun yi da Rakiya in Allah Ya kai mu kaka zan ɗauro gero da zabi in zo. Yanzu ita ma tana da wanda za ta gani a bangon nan.

Ya Allah, ga bawanKa Isyaku ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata makwancinsa, Ka cika shi da hasken da ba ya ƙiftawa. Ya rufa wa matata asiri ko a bango, Ka rufa masa asiri ranar da ba mai rufawa sai Kai. Ka sa ya tsallake siraɗi cikin natsuwa, Ka haɗa shi da iyayensa da uwar Sa'adu da sauran Musulmi a Aljanna Firdausi. Hajiya mai ɗakinsa da ya bari, da Rakiya da ƙannenta, da marayun da ya riƙa, da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya haɗa kanku, Ya albarkaci abin da ya bari. Mu kuma da muka rage a hanya, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.